Garuba Ya Sayi Jif

"Duba nan, Maman Samira," in ji Alice, tana cusa wayarta tsakanin fuskar Maijidda da tiren tattasai. "Kaza ce, amma a cikin waya take zaune. Ba ta cin dusa, ba ta kashi, mura ba ta kashe ta. Ƙwai kawai take yi, kuɗin ya faɗo akawun ɗinki."

Maijidda ta goge hannu a zani ta karɓa. Rumfunansu a jere suke a Kasuwar Kure, ita kayan miya, Alice gwanjo. Tun rasuwar Garuba, mijin Maijidda, Alice ce ke jan ta da surutu don kada ta zauna shiru. A fuskar wayar wata farar kaza mai ƙiba tana ɗaga kai tana saukewa.

"To in baƙi suka zo, ta yaya zan kama ta?"

"Ba a yanka ta! Kamfani ne. Ki sayi kaji da yawa, ki kwanta ki yi barci."

Kwana biyu ke nan suna maganar, amma yau kamfanin ya ce garaɓasa za ta ƙare. Abin da Maijidda za ta sayar ta shiga kuwa guda ɗaya ne, Keke Napep ɗin Garuba. Ta taɓa ba wani direba, kullum sai ya dawo da labarin faci maimakon kuɗin balas na yini, ta karɓe ta rufe da leda a tsakar gida a Barkin Sale. Zamani dillali ya samo mai saye, sun yi da shi bayan la'asar.

"Ina ofishinsu yake?" ta tambaya.

"A intanet."

"Ta Bosso ake bi ko ta Chanchaga?"

"Yesu! Ba a hawa mota a je, Maman Samira."

"Mai kamfanin ɗan gidan waye? Wa ya taɓa cin tuwon sunan ɗansa?"

"Kaza za ki saya, ba aurensa za ki yi ba."

"Ke kin saya, Maman Purity?"

Alice ta gyara ɗankwali. "Ina jiran kwasar adashi."

"Au, ni ce zan fara shiga in gaya miki zurfinsa." Maijidda ta miƙa mata wayar. "Ko garin kwaki ne sai na ɗanɗana nake auna. Nuna mini mutum ɗaya da ya ci kuɗin nan."

Nan fa Alice ta samu abin da take so. Ta buɗe guruf ɗin kamfanin, inda ake jera hotunan waɗanda suka dace. Ga wata mata ta rungume firij. Ga wani saurayi ya kara bandir ɗin kuɗi a kunne kamar waya. Ta ja hoto na gaba, ta karanta rubutun ƙasansa da ƙarfi don mai albasa da ke gefe ta ji.

"Alhaji Taufiq daga Abuja. Ya ce, na gode wa kamfani, jiya na sayi wannan jif da kuɗin ƙwai."

Maijidda ta kama hannun Alice ta jawo wayar dab da idonta. Mutum ne cikin shadda ruwan madara, da baƙin tabarau, ya jingina da baƙar mota, hannunsa ɗaya dafe da aljihun ƙirji.

"Jiya ya saya?"

"Jiya-jiyan nan."

"Ai kuwa ya kyauta. Wannan Baban Samira ne."

Alice ta ƙura ido, wayar ta kusa faɗawa cikin attaruhu.

Maijidda ta san ranar da aka ɗauki hoton. Bikin wani abokinsa ne a Beji. Motar ta ubangidan ango ce, 'yan Keke suka yi layi suna ɗaukar hoto da ita har direban ya kore su da tsumma. Tabarau na aro ne. Hannun da ya dafe aljihu kuwa ƙunar riga yake rufewa, ita ta ƙona wurin da dutsen guga na gawayi, ya yi mata mita har bakin titi. Ya sa hoton a Fesbuk don 'yan uwansa na ƙauye su ji haushi, wayarsa kuma ta ɓace a asibiti ranar da ya cika.

"Kira mini su," ta ce.

Alice ta kira ta sa a sifika don kowa ya ji. Mai albasa ta matso, mai daddawa ma ta bar kayanta. Wani ya ɗauka da fara'a, ya ce shi ne Manaja Charles.

"Ranka ya daɗe, kafin in saya ina tambayar Alhaji Taufiq ne, mai jif," in ji Maijidda.

"Hajiya, babban kwastoma ne! Yanzu ya fita daga ofis ɗina."

"Yana lafiya?"

"Lafiya lau. Har ya yi tumbi."

"Tumbi!" Maijidda ta dubi matan. "Mutumin da ko ya cinye tukunya ba ya nunawa. Ciwon ƙirjin fa?"

Manaja ya ce, "Ya warke, Hajiya. Kuɗi magani ne. Kaji nawa za a rubuta miki?"

"Ka dakata. In ya dawo ka ce matarsa ce, ta Barkin Sale. Ka ce ya yi kuɗi ya bar mu da mai taya uku." Mai daddawa ta toshe baki da gyale, kafaɗunta na rawa. "Ka ce rufin ɗaki har yanzu yana yoyo ta wajen da ya ce zai gyara. Ka ce Samira ta ci jarrabawa, ta zo ta uku. Ka ce masa ni dai..."

Muryarta ta tsaya a nan. Can ɓangaren aka kashe waya. Dariyar matan ta koma ciki, mai albasa ta juya tana gyara kashin albasar da ba ya bukatar gyara.

Zamani ya iso bayan la'asar yana kaɗa makullin mashin, ya ce mai saye na bakin ƙofar kasuwa da kuɗinsa a hannu.

"Ka ba shi haƙuri, Malam Zamani. Keke ba na sayarwa ba ne. In kana da direba mai tsoron Allah, shi nake nema."

Ya tafi yana gunaguni a kan man da ya ƙona. Alice kuwa sai yanzu fushinta ya taso.

"Ɓarayi! Har matacce ba su bari ba! Yanzu zan fita daga guruf ɗin nan, in goge komai nasu."

"Kada ki fita."

"Don me?"

"Kullum suke sa hotuna?"

"Kowace safiya. Sai su canza suna, su canza abin da mutum ya saya."

Maijidda ta sake karɓar wayar, ta goge gilashinta da bakin mayafi inda yatsan tattasai ya ɓata, ta daɗe tana kallo.

"To bar shi," ta ce. "Gobe ki zo da wuri, mu ga me zai saya."