Daga Dama Nake Farawa

A ɗakin gwaje-gwajenmu da ke hawa na huɗu ba mai kirana da sunana, sai dai Bahaguwa. Ban taɓa jin haushi ba. Da hagun nan na shekara uku ina neman sinadarin da zai kashe wata ƙwayar cuta da ta gagari magani. Dokar jami'armu ga mai neman digiri na uku a fili take: sai ka fitar da maƙala a mujalla, sunanka a farko, kafin a bar ka ka kare kundinka.

Da wani farantin roba muke aiki, bai wuce tafin hannu ba, mai ƙananan ramuka layi goma sha biyu, kowane layi da sinadarinsa. Kowa daga hagu yake fara ɗigawa. Ni in na yi haka hannun rigata kan bi ta kan ramukan da na cika ya gurɓata su, don haka daga dama nake farawa. Na'urar da ke karanta farantin kuwa ba ruwanta, daga hagu take ƙirgawa. Abin da ta kira layi na biyu, a wurina na sha ɗaya ne. Na rubuta wannan a shafin farko na littafin aikina, wanda ba mahalukin da ya taɓa buɗewa.

Ranar da sinadari na sha ɗaya ya kashe ƙwayoyin tas, ranar aka bugo mini cewa za a yi wa Mama tiyata. Na cusa littafin a jaka na tafi. Mako uku na yi a gefen gadonta.

Na dawo na tarar ana ta murna. Akwai wani Dakta a ɗakinmu da muke kira Ɗan Lele, don Farfesa, shugabar ɗakin, ba ta ganin laifinsa. Wai shi ya gano maganin. Ashe kwamfutar na'urar ya buɗe ya kwashe sakamakona. Har ya fara rubuta maƙala, sunansa a sama. Ni kuma can ƙasa aka jefa ni, a layin godiya: "Muna gode wa ɗalibarmu da ta taimaka da wanke kwalabe." Kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi.

Na same shi yana kurɓar shayi.

"Dakta, wannan fa aikina ne."

"Haba ƙanwata," ya ce, ko ɗagowa bai yi ba. "Kin tafi kin bar komai. Ni na sake gwajin da hannuna tun daga farko. Ki nemi wani abin, ai da sauran ƙuruciyarki."

Na ɗauki littafina na nufi ofishin Farfesa. A bakin ƙofa na sake duba maƙalar tasa, sai idona ya faɗa kan kalma uku: sinadari na biyu. Na tsaya. Na biyu ko ƙuda ba ya kashewa. Da na shiga a lokacin, da an rufe ƙofa an sasanta, a ce kuskure ne, a ba ni haƙuri. Ni kuwa ba haƙuri nake so ba. So nake ya ji kunyar da na ji, a gaban mutanen da suka fi waɗanda suka ga tawa yawa. Na juya na koma wanke kwalabena.

Wata huɗu na yi shiru. Ya sa aka kawo ɓeraye arba'in, aka sa musu cutar, yana ɗura musu na biyu safe da yamma. Suka dinga mutuwa ɗaya bayan ɗaya, ni ce mai kwashe su daga keji. Ba zan ɓoye ba, ɓerayen nan sun tsaya mini a rai, don kalma ɗaya daga bakina da ta cece su. Ban faɗa ba.

Ranar taron sashe ta zo, zauren cike da malamai da ɗalibai. Ɗan Lele ya sha kwat, ya haska hoton farantin a bango, ya ce ɓerayen ne ba su da ƙwari. Da aka nemi masu tambaya na ɗaga hannu, na hagu.

"Dakta, ka ce da hannunka ka cika farantin nan?"

"Ƙwarai."

"Daga wane gefe ka fara?"

Ya yi murmushin nan nasa. "Daga hagu mana, kamar kowa."

"To madalla." Na miƙa wa Farfesa littafina a buɗe a shafin farko, tare da sabon faranti da na cika jiya a gaban mai kula da na'ura. "Ranki ya daɗe, wanda ya cika wancan daga dama ya fara. A ɗakinmu mutum ɗaya ke yin haka."

Farfesa ta karanta, ta dubi bango, ta sake karantawa. Wani tsohon malami a layin gaba ya ƙirga da yatsa, ya ce da ƙarfi, "Sha ɗaya ke nan!" Zauren ya ɗauki hayaniya. Ɗan Lele kuwa gumi na bin wuyan kwat ɗinsa. Wallahi na ji daɗi, har cikin ƙashina.

Bayan an watse Farfesa ta kira ni ofis.

"Tun yaushe kika sani?"

"Tun ranar da na dawo."

"Kika zuba ido ɓeraye arba'in suka mutu?"

"Na zuba, ranki ya daɗe."

Ta daɗe tana kallona, kallon da bai sake komawa irin na da ba. Sannan ta turo mini maƙalar. "Ki sake rubuta ta. Sunanki a farko. Shi kuma ki cire shi gaba ɗaya."

Ban cire shi ba. Na sauko da shi layin godiya, ban canza komai a jimlarsa ba sai inda ya ce "ɗalibarmu da ta taimaka", na mayar da shi "Daktanmu da ya taimaka".