Sautin da Shetu Ke Riƙewa

Shekara talatin da ɗaya Zulkiflu Maje ya yi yana busa tirombon, ƙahon tagullan nan da ake zuge shi gaba da baya, kuma ashirin daga ciki shi ke jan ƙungiyar kiɗan jaz da fank da ya kafa da hannunsa a unguwar Peckham, can ƙasar Turawa. Abin da aka san shi da shi guda ne: wani dogon sauti can sama da yake rufe kiɗa da shi, ya riƙe har mutane su miƙe tsaye. Bara aka cire masa haƙoran gaba biyu aka sa na roba, leɓensa ya yi sanyi. Amma sautin bai fasa fita ba, shi kuwa ya dinga cika baki.

Ranar Talata da azahar suka taru gwaji a ɗakinsu na ƙarƙashin gadar jirgin ƙasa. Shetu, mai busa tirombon na biyu, ta bugo waya ta ce an soke jirgin ƙasan da za ta shigo daga Woolwich. Zulkiflu ba mai jiran kowa ba ne. Ya ƙirga, aka ɗauki kiɗa.

Da aka zo ƙarshe ya cika ƙirji ya busa. Abin da ya fito ko akuyar da aka shaƙe ta fi shi murya. Ya sake, haka dai. Mutum bakwai a ɗakin, kowa ya sami abin kallo a ƙasa.

Ya taka zuwa wurin tsayuwar Shetu ya ɗauki takardar kiɗanta. Ga shi nan da fensir, kan sautin nasa: "A rufa wa Baba nan." Rubutun Haggai ne, mai ganga, abokinsa tun suna samari a Jos.

"Tun yaushe?" in ji Zulkiflu.

"Mutumina, zauna tukuna."

"Na ce tun yaushe!"

"Wata goma sha ɗaya," Haggai ya amsa.

Ransa ya ɓaci. Wata goma sha ɗaya yana ɗaga ƙaho sama, yana rusunawa ana tafi, ashe yarinyar mutane ce a bayansa take fasa ƙirji! Sun mai da shi hoton bango. Kuma wai tausayi ne. Tausayin banza, da ba ya iya duban idon mutum ya faɗa masa gaskiya.

"Da ka ce min na ƙare, Haggai, da na zage ka kwana biyu mun shirya. Amma ka bar ni ina satar tafi?"

Ana haka Shetu ta shigo tana haki. Tana ganin takardar a hannunsa ta tsaya cak.

"Baba, don Allah ka yi haƙuri."

"Rufe min baki. Haɗa ƙahonki."

Ta haɗa, ta nufi wurinta na baya. Ya daka mata tsawa, ya nuna gaba, inda takalminsa ya cinye fentin ƙasa.

"Nan. In za ki busa abina, ki busa inda za a ga fuskarki."

Ya koma baya ya ƙirga. Da ƙarshen ya zo Shetu ta ɗaga sautin, ya cika ɗakin. Zulkiflu ya sauke ƙahonsa yana saurare. Ya san sautin nan sarai. Shi ne wanda ya yi shekara yana alfahari da shi.