Lorin Alhamis

"Yau wace rana?" in ji Jatau, yana kwance a gadon igiyarsa da ya lotsa a tsakiya.

"Litinin," na ce.

"To, da saura. Sai Laraba."

Matarsa Fatna ta juya baya tana goge ido da gefen mayafi. Ni kuwa haushi ne ya turnuƙe ni. Mutum yana bakin kabari, amma motar ƙauyensu ce a ransa!

Shekara goma sha tara katanga ɗaya ce tsakaninmu a unguwar Umbadda ta Omdurman, kuma ban taɓa shan shayi da shi bai sako zancen Kambon Gawo ba, ƙauyen masu tsinkar auduga da ya baro a yankin Jazira. Gida ɗari da arba'in, mutum ɗari takwas da 'yan kai. Daga wannan gefe zuwa wancan ana jin kiran salla ɗaya. Tashar jirgin ƙasa wuni guda ce a kan jaki. Lori ɗaya tak ke shiga, ranar Alhamis, ya kwaso mutane zuwa Omdurman. Na haddace duka tsaf ba da son raina ba. Ni Ɗantsoho jikan mahajjata ne da guzuri ya ƙare musu a hanya. A gidan haya aka haife ni, ba ni da garin da zan ce namu. Kishinsa nake yi, ba zan ɓoye ba.

Jatau ya kamo hannuna. "Ya zol, mutumina, in na cika Laraba, ka kai takarda gidan rediyo da kanka. Da yamma a karanta sanarwar rasuwa, mutanen ƙauyenmu su ji, su kama lorin Alhamis. In ya wuce su, halas, shi ke nan, sai wani mako, an riga an tashi daga zaman makoki."

"Ranar a hannunka take?"

"Roƙo dai nake yi."

Laraba da hantsi kuwa ya cika. Na shiga bas da takardar a aljihu. A ƙofar gidan rediyo na tsaya, zuciya ta ce mini: koma ka ce ba su karɓa ba, wa zai sani? Sai ya tafi shi kaɗai, kamar yadda kai ma za ka tafi. Na daɗe tsaye cikin rana kafin na miƙa ta. Ko miƙawar ma ba kirki ba ne, so nake in ga ba wanda ya zo.

Bayan la'asar muka binne shi, mu goma sha huɗu.

Alhamis gab da magariba lori ya kunno kai layinmu, ya cika fal, har a kan rufin direba akwai mutane. Na tsaya ina ƙirgawa, da na kai sittin na daina. Mata suka afka wa Fatna da kuka, maza suka sauke buhunan dawa da itace da rago biyu. Na san ranar tawa mutuwar keken jaki ɗaya ma ba zai cika ba.

Wani tsoho mai ido ɗaya, yayan Jatau, ya dafa ni. "Kai ne Ɗantsoho?"

"Ni ne, Baba."

"Wallahi ka ishe mu! Duk zuwan da zai yi gida, ba shi da zance sai naka. Maƙwabcina haifaffen birni, maƙwabcina mai karanta jarida, maƙwabcina da ya san kowane lungu na Khartoum. Har haushinka muke ji, mu ce wannan zol ya ƙwace mana ɗan'uwa."



Ranar Asabar da safe lorin ya juya da su. A inda ya kwana biyu, daidai ƙofar gidana, tayoyinsa sun zubar da busasshen taɓon Kambon Gawo baƙi ƙirin a kan jar ƙasarmu. Na fito da tsintsiya, na tsaya a kansa, sai na jingine ta a bango.