Zare a Kan Lemo

Tela ya karɓe wayar daga hannun 'yarsa Auta, ya kai ta dab da hancinsa. Ga ɗan jirgin saman nan a kan taswirar wayar yana jan jiki kamar ƙwaro. Babban ɗansa ne a ciki, ya taso daga birnin da yake aiki, tun da likita ya ce a kira na nesa. Uwar yaron tana kwance a gadon asibiti a bayansu, numfashi na fita da ƙyar.

Layin tafiyar ne ya dami Tela. Maimakon ya miƙe daga wancan birni zuwa wannan, sai ya yi sama ya lanƙwasa kamar wuyan riga.

"Ke, matuƙin nan lafiyarsa ƙalau? Ga hanya miƙaƙƙiya, ya tafi zagaye! Ko fasinja zai sauke?"

"Baba, ba motar haya ba ce. Duniya ce a mulmule. Wannan ita ce gajeriyar hanya."

"Ni da na tsufa ina yankan yadi za ki koya wa gajere?"

Auta ta ci gaba da yi wa uwarta fifita.

A kan durowa akwai lemon da masu dubiya suka kawo, babu wanda ya taɓa. Tela ya ɗauki ɗaya, ya zaro allurai biyu daga hularsa, ya soka ɗaya nan, ɗaya can. Ya ciro zare daga aljihu, ya ɗaura tsakaninsu, ya ja har ya yi tsam. Zaren ya zame da kansa, ya hau ta kafaɗar lemon, ya kwanta a lanƙwashe. Ya tura shi ƙasa da farce, zaren ya koma. Ya sake, ya koma.

Ashe babu wanda za a yi wa faɗa. Babu inda za a rage.

Ya daɗe yana juya lemon. Nas ta shigo, ta duba ruwan da ake ƙara wa marar lafiya, ta fita.

"Malam," muryar ta fito siririya daga kan gado. "Yaron nan, ina ya kai?"

Tela ya dubi wayar. Jirgin ko rabi bai yi ba. Ya matsa bakin gadon, ya ɗora babban yatsansa a kan zaren, can kusa da allura ta biyu, ya nuna mata.

"Ga shi nan. Saura kaɗan."

Ta dubi yatsan, ta dube shi. Gefen bakinta ya ɗan motsa.

"Haka kake ce wa masu kawo maka ɗinki."

"Amma ai suna jira," in ji Tela.

Ta miƙo hannu. Ya sa mata lemon a tafi, ya riƙe mata kada ya faɗi.