Muhawarar da Ta Mayar da Rauda Gida

Rauda tana ajin ƙarshe a wata makarantar sakandare a Tambuwal. Wurin gwaggonta take zaune, iyayenta kuwa suna Kebbe. Ana gab da jarrabawar fita sai malamin kwamfuta, Malam Gazali, ya shirya muhawara a kan wata magana da ake ja a duniya: shin a ware wa shafukan batsa nasu adireshin daban a intanet, ko kuwa yin hakan halatta su ne? Aka yi ƙuri'a, goyon baya ya faɗa kan Rauda.

Ta ce ba ta so. Malam ya ce ai muhawara ce kawai, kowa ya san ba ra'ayinta ba ne.

Ranar da aka taru, ta miƙe. Ta ce ƙazantar nan tana shiga wayar ƙannensu ba sallama, amma in aka ba batsa wurinta, da suna a kai, uba zai iya toshe ta gaba ɗaya. Zahara'u, ƙawarta da ke ɗaya ɓangaren, ta ce duk abin da aka gina wa gida an yarda da zamansa ke nan, kuma babu mai tilasta wa masu shafukan su koma can. Alƙalai suka ba Rauda nasara.

Wani ɗalibi ya ɗauki jawabinta a waya. Guntu kawai ya yaɗa: Rauda tana cewa a ba batsa wurinta, ana tafi. Kafin ƙarshen mako ya kai Kebbe.

Mahaifinta, Malam Abdulhamidu mai sayar da hatsi, ya zo a kan babur. Ya zauna a zauren gwaggo, ya sa ta maimaita duk abin da ta faɗa. Ya saurara har ta gama.

"Na jiya," in ji shi. "Ba ki hwaɗi saɓo ba."

"To Baba, a bar ni in yi jarrabawa."

"Ni na ji duka, ɗiyata. Su guntu sunka ji, kuma ba su biɗar sauran. Jiya a masallaci, wanda muka tsayuwa tare tun muna samari sai da ya sake sahu."

Malam Gazali ya iso da cikakken bidiyon, yana ta ba da haƙuri. Malam Abdulhamidu ya dube shi ya ce, "Malam, da ɗiyarka ta, kana ba ta wagga magana?"

Da yamma aka ɗaure akwatinta a bayan babur. An saki cikakken bidiyon daga baya, amma 'yan kaɗan ne suka kalle shi, don ya yi tsawo.

Rauda ba ta zana jarrabawar ba. Tana Kebbe tana taya innarta aikin gida, ba ta ko zuwa biki. Da sakamako ya fito, Zahara'u ta kira wayar inna ta nemi a ba ta Rauda. Rauda ta ce a ce mata tana daka.