Ƙuri'ar Twila a Hannun Yayarta

Nadine ta sake danna hon da bayan hannu, domin yatsunta sun ƙi lanƙwasuwa tun da ta tashi daga aiki. Ƙanwarta Twila ba ta fito ba. Haka take tun suna yara, sai kowa ya gaji da jira sannan ta ɓullo tana murmushi, a kuma yafe mata.

A cikin ciyawar ƙofar gidan an kafa ɗan allo, an rubuta E, wato na amince, da jan fenti. Yau Talata, ranar da mutanen jihar za su yanke ko inshorar lafiya ta gwamnati za ta haɗa da manya masu ƙaramin ƙarfi, irin waɗanda ciwo ke kamawa su yi ta jinyar kansu a ɗaki. Nadine ta jefa ƙuri'arta tun da safe a zauren cocin Baftis kafin ta wuce masana'antar kaji. Da'irar A'A ta cike, aka manna mata ɗan tambarin waɗanda suka yi zaɓe a ƙirji, ta tafi abinta tana jin ta yi daidai.

To, ina laifinta? Rabin rayuwarta a tsaye ta yi shi cikin sanyin masana'anta tana zare ƙashi daga ƙirjin kaji, ba don son kaji ba, sai don katin asibitin da kamfani ke bai wa ma'aikata. An yi mata tiyata a wuyan hannun dama, na hagu yana jiran nasa. Twila kuwa ko shekara ba ta rufa a wurin ba ta ce ƙarni ya ishe ta. Ta auri Royce mai gyaran rufin gidaje, ta zauna tana dafa tuffa da sukari tana durawa a kwalabe tana sayarwa a bakin titi. Ita ce 'yar gaban goshin Mama, ita ce mai mijin da har yau yake buɗe mata ƙofar mota. Yanzu kuma a miƙa mata a banza abin da Nadine ta saya da hannayenta biyu. Ƙyashi ne, ta san ƙyashi ne, kuma ba ta ga dalilin da za ta ji kunyarsa ba.

Twila ta fito sanye da baƙin tabarau, tana saukowa daga matakala a hankali, tana laluben kowane mataki da ƙafa. Nadine ta ja tsaki.

"Sarauniya, a kawo miki kafet ne?"

"Yaya, ke dai ba kya gajiya da faɗa," in ji Twila, tana shiga. "Na gode fa. Royce yana kan rufin wasu a can bayan kogi, ba zai dawo ba sai an rufe wurin zaɓe."

"Motarki fa? Ga ta can tana tara ganye."

"Batir."

"Batir. Kuma rigarki a juye kika sa ta, ga ɗinkin nan a waje."

Twila ta shafa kafaɗarta, ta yi dariya. "Sabon yayi ne, ku 'yan kaji ba ku waye ba."

Suka bi ta gaban shagon taya da wurin wankin kaya. Alluna sun cika bakin hanya, wasu E, wasu A'A, wani gidan ma guda biyu ne suna harare da juna, na miji da na mata. Twila sai surutu take, wai kwalaben bana sun yi kyau, wai Royce ya yi mata alkawarin rawa ranar Asabar. Rawa. Nadine ta tuna rabonta da rawa tun kafin mijinta ya kwashe kayansa, sai ta ƙara taka mai.

A zauren cocin Misis Ketchum ce ke kan tebur, tsohuwar malamarsu ta firamare, wadda har gobe take kiransu da sunan gidansu, 'yan matan Yocum. Ta nuna wa Twila inda za ta sa hannu. Twila ta sunkuya, ta sa hannun a can gefe, nesa da layin. Sannan ta rage murya.

"Malama, ina so yayata ta shiga da ni ta cike mini."

"Doka ta ba ki wannan, 'yata," in ji tsohuwar ba tare da ta ɗago ba. "Nadine, abin da ta ce shi za ki cike, ba abin da kike so ba. Kin ji ni?"

"Na ji, Malama."

A bayan ɗan shingen kwali Nadine ta juya mata a fusace. "Wannan wace irin shagwaɓa ce? Karatun ma sai an yi miki?"

Twila ta cire tabarau. Ta ɗaga takardar ƙuri'ar har tana taɓa hancinta, ta karkata kai, ta mayar da ita kan tebur.

"Ba na gani, Yaya. Ciwon sukarin nan nawa ne ya sauka a ido. Tun bazara rabona da ganin fuskarki sosai. Da takunki nake gane ki, sai kuma ƙarnin kaji."

"Maganin fa?"

"Ina gutsura shi biyu don ya kai ni. Likitan da ke zuwa asibitin sadaka ya ce akwai allurar da za ta tsayar da abin in an yi da wuri. Ya faɗi sunan wurin da ake yi, na yi masa godiya na dawo gida."

"Kuma kika rufe ni?"

"In faɗa miki ki ce me? Ki ce da na zauna a masana'anta?"

Abin da Nadine za ta ce ke nan kuwa. Jikinta ya yi sanyi. Amma ƙyashi ba ya fita don an ji tausayi, yana nan zaune inda yake. Ta dubi da'irori biyun da ke ƙasan tambayar, ta dubi idanun ƙanwarta da ke kallon bango. In ta cike A'A, babu mahalukin da zai sani. Tunanin ya zo mata sarai, kuma bai tafi da wuri ba. Har a cikin wannan hali ma Twila ta fi ta, ta iya buɗe baki ta ce a taimake ni, abin da ita ba ta taɓa iyawa ba.

Ta ɗauki biro. Yatsun suka ƙi, biron ya suɓuce ya gangara ƙasa. Ta ɗauko, ya sake karkacewa. Twila ta ji ƙarar, ta laluba har ta samo wuyan hannunta, daidai kan tabon tiyatar, ta riƙe shi da hannu biyu.

"Haka ya koma?" ta tambaya a hankali. "Ke ma ba ki faɗa ba."

"Riƙe dai, ki daina surutu."

A haka suka cike E, mai hannu ba ido da mai ido ba hannu, da'irar ta ɗan zarce layi. Twila ta zura takardar a na'urar ƙirga ƙuri'a da kanta, na'urar ta haɗiye. Misis Ketchum ta miƙa mata tambari.

A mota Twila ta ɓare shi ta ce ai Yaya ce ta yi aikin, ita ya kamata a manna wa. Ta kai hannu ƙirjin Nadine tana neman wuri, sai yatsunta suka ci karo da na safe. Ta shafa gefensa, fuskarta ta washe.

"Au, ashe kin riga ni. Kuma da wannan hannun kika cike, ke kaɗai." Ta manna nata a kusa da shi, a karkace. "E biyu ke nan daga gidan Mama."

Nadine ta dubi ƙofar zauren, inda mutane ke ci gaba da shiga. Na'urar ba ta mayar da abin da ta haɗiye. Ta murɗa makulli da hannu biyu.

"Ɗaura bel ɗin kujerarki," ta ce. "Kuma ki faɗa mini sunan wurin allurar nan."