Shaidar Laka a Bangon Iya Hajo

Shekarar da Kogin Haɗeja ya haura har gindin tsamiyar masallaci, ruwa ya kwana goma sha ɗaya a ƙauyen su Safara'u, gabas da Auyo. Bai daɗe da janyewa ba sai dagaci ya sa aka yi shela: ranar Alhamis Bature zai wuce rangadi, duk bangon da ke kallon hanya a shafa masa farar ƙasa.

Mijin Safara'u, Isa, yana can Baturiya wajen kamun kifi. Gidan daga ita sai surukarta Iya Hajo, sai ɗanta na fari mai wata bakwai. Sunan mahaifin Isa aka sa wa yaron, Shu'ibu, don haka kunya biyu ta hau kanta: ɗan fari ne, kuma mai sunan suruki. Ba ta kiran sunansa, ba ta ɗaukarsa a gaban mutane. In ta ba shi nono a ɓoye sai ta mayar da shi ɗakin Iya, wani ɗan soro da marigayi mijinta ya gina da hannunsa. Bayan soron nan shi ne bangon da ke kallon hanya.

Safara'u 'yar magini ce. Ta san ba a shafa farar ƙasa a kan tsohon yaɓe mai ɓarewa, sai an kankare, an cike tsaga, an bari ya sha iska. Ranar Talata da hantsi ta fito da guntuwar fartanya ta fara kankara daga sama. Da ta sauko daidai ƙugu, sai wani faffaɗan ɓawo ya faɗo gaba ɗaya. A bayansa ga tsaga, ta taso daga gindi ta nufi inda azara ta zauna. Ta sa yatsu uku, suka shige. Ta ƙwanƙwasa bangon, ya amsa mata kamar kabewar da ta ruɓe. Ƙasar gindin kuwa, da ta matsa, laushi gare ta kamar tuwon jiya.

A ɗaya gefen tsagar nan gadon Iya yake, inda yaron ke barci.

Ta tuna abin da babanta ke yi. Ta kwaɓa laka, ta shafa siririya a gicciye kan tsagar, faɗin tafin hannu. Shaida yake kiranta. In bango yana tsaye, za ta bushe lafiya lau. In yana tafiya, za ta tsage.

Ta shiga gida ta durƙusa. “Iya, bangon nan ruwa ya ci gindinsa.”

Iya Hajo tana tsince shinkafa a faifai, ba ta ɗago ba. “Ambaliya uku ya gani kafin a haife ki. Cike ki shafa, 'yar nan.”

“Ɗakin kamar da zafi yau. Ko a fito da yaron inuwa?”

Sai a lokacin tsohuwar ta dube ta, tana murmushi. “Au, ashe kin san da yaro a gidan nan? Bar mini angona ya yi barcinsa. Ke kishi kike.”

Safara'u ta sunkuyar da kai ta fita. Ta ci gaba da kankara can nesa da tsagar, a hankali, kamar mai aske kan jariri. Kowane bugun fartanya sai ta ji shi a haƙoranta. Kafin azahar ta koma ta duba. Shaidar ta rabe biyu.

Ta ce wa ranta wataƙila rana ce ta yi mata yawa. Ta kwaɓa wata da ɗan kashin jaki don ta yi danƙo, ta shafa, ta shafa irinta a inda bango ke da lafiya don ta gwada.

Tana nan tsugune Bakari ya iso, ɗan aiken dagaci, Babarbare mai doguwar sanda. Matan maƙwabta suna ta shafe nasu bangon da tsumma, suka dakata don su ji. Iya Hajo ta leƙo ƙofa, don ita jinin Fulani ce, ba ta barin Babarbare ya wuce salin-alin.

“Bawana, ka zo ɗaukar mini ruwa ne?”

“Ni da nake ubangidanki? Iya Hajo, kowa bangonsa ya yi fari, naku kamar bayan kada. Jibi ne fa. In Bature ya tsaya a nan ya ɓata fuska, dagaci zai sha magana, ke kuma ki sha tafiya har Auyo.” Ya juya ga Safara'u. “Ke kuma me kike jira? Watsa masa fari ya rufe. Bature ba ya ƙwanƙwasa bango, daga kan doki yake kallo.”

“Baba Bakari, bangon tafiya yake yi.”

“Ina za shi? Kano?”

Matan suka yi dariya. Safara'u ba ta ji su ba, idonta na kan shaida. Wadda ke gefen lafiya tana nan sumul. Ta kan tsagar, da ko bushewa ba ta gama ba, wani siririn layi ya bayyana a tsakiyarta kamar gashi, ya buɗe tana kallo. Daga sama, wajen azara, ƙasa ta zubo siririya kamar gero daga hujin buhu.

A ciki yaron ya yi ɗan kukan farkawa.

Ba ta san lokacin da ta wuce surukarta a ƙofa ba, har kafaɗarsu ta gogu. “Shu'ibu!” Sunan ya fita da ƙarfi, duk layin ya ji. Ɗakin duhu, warin danshi, ƙasa a kan zanen gado, har da 'yar kaɗan a gashin yaron. Ta sure shi ta fito da gudu, ba ta tsaya ba sai tsakiyar hanya, ta ƙanƙame shi a ƙirji a gaban kowa.

Wata ta rufe baki da tsumman farar ƙasa. Bangon kuwa yana nan tsaye abinsa. Safara'u ta ji kunya ta rufe ta tun daga kai har ƙafa: ta kira sunan suruki a bainar jama'a, ta rungumi ɗan fari, ta bangaje uwar miji. Amma hannunta ya ƙi sakin yaron.

“Yaran zamani,” in ji Bakari. “Bangon da ya fi ni ƙarfi.” Ya ɗaga sanda ya zunguri gindin tsagar don ya nuna musu.

Sandar ta nutse har rabi. Ya ja, ta ƙi fitowa. Sai aka ji ƙara a ciki kamar an karya itace a gwiwa, rufin ya sunkuya, ƙura ta fito ta ƙofa. Bakari ya bar sandarsa ya ja da baya har ya taka kwaryar farar ƙasa.

Da ƙura ta lafa Iya Hajo ta leƙa. Azara biyu sun sauka a kan gadon, da ƙasar rufi a kansu. Sannan ta juyo, ta wuce matan, ta kwance mayafinta ta miƙa wa Safara'u.

“Goya shi,” ta ce, muryarta ƙasa-ƙasa. “Kar ki yar mini da miji.”

Ta dubi Bakari. “Je ka gaya wa dagaci ya turo maza su ture sauran kafin ya faɗa wa wani. Mu zana za mu kafa. In Baturen yana son fari, ya zo ya shafa wa zana.”

Safara'u ta sunkuya ta ɗora yaron a baya. Sau uku tana ɗaura mayafin yana kwancewa, sai da Iya Hajo ta zagayo ta ɗaure mata da kanta.